Ƙullin Baba Modu a Kan Igiyar da Ba Tasa Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifinka Iliyasu a Haɗeja, zuwa ga ɗana Hamisu. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ka buɗe takardar nan ka riga ka sauka Kano lafiya, jirgi bai karya maka baya ba, akwatinka kuma bai bi wani ba tun daga tashar Malam Madori. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki.

Na ce wa innarka ta cusa maka ita a ƙarƙashin kayanka, yadda ba za ka gani ba sai ka kwance su. Kada ka nemi labarin gida a ciki, babu abin da ba ka sani ba. Abin da ya sa na jawo tawada wata magana ce da ka yi shekaranjiya muna cin tuwo. Kana ta zumuɗin aikin da aka ba ka, na riƙon kantin da za a riƙa sayar da kayan da makafi da guragu suka yi da hannunsu, tabarmi da igiyoyi da kwanduna, don su ci guminsu su huta da bara. Sai na ji ka ce wa ƙanenka, "Ai wannan kanti ba shi da wuya. Wa zai tsaya ciniki a kan kayan makaho? Ko nawa muka sa za a saya don lada." Ka ga na tsame hannu na tashi, innarka har ta ɓata rai ta ɗauka miyarta ce ba ta yi ba. Miya ba ta yi laifin komai ba. Maganar nan taka ni na fara yin ta, a kasuwar garin nan, kana can makaranta ba ka san abin da ake ciki ba. Na so in gaya maka baki da baki, kunya ta hana ni, shi ya sa ka gan ta a rubuce.

Akwai wani mutum a unguwar makafi, ana ce da shi Baba Modu. Iyayensa daga gabas suka zo, wajen Tafkin Chadi, har ya tsufa in yana magana kana jin Barbarci a bakinsa. Agana ce ta tafi da idonsa tun yana yaro, amma bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Igiya yake tufkawa da rama a zaurensa, da ita ya yi aure, da ita ya ciyar da gida. Masu fito daga Auyo, masunta daga wajen Baturiya, Fulani masu neman abin ɗaure shanu, duk har ƙofarsa suke zuwa. Yana da wani ƙulli da yake yi a bakin kowace igiya, dunƙulalle kamar kan tafarnuwa, da ɗan geza a samansa. Mai saye in ya ga ƙullin nan ba ya ma jan igiyar ya gwada. Ga shi da son ciniki kamar me. In ka taya masa da raini sai ya kece da dariya ya ce, "Albarka! Je ka wajen mata su ba ka zaren kaɗi, shi ne daidai kuɗinka." Ku yi ta ja har ku daidaita, ya ɗora maka ɗan guntun dabaibayi gyara, ku rabu kowa na murmushi.

A shekarun yaƙin Turawa abinci ya yi wuya, masu ba da sadaka su ma suka koma neman na bakinsu. Makafin unguwar nan suka shiga wani hali. Ni kuwa lokacin ina fataucin bandar kifi, Allah Ya ɗan buɗa mini. Muka zauna da sarkin makafi da wasu 'yan kasuwa, muka yanke shawarar a kafa rumfa: Baba Modu ya koya wa masu son koyo tufka, su kawo, ni in sayar, ba na cire ko anini na la'ada. Wallahi Hamisu niyyata mai kyau ce, har yau ban ga aibunta ba. Sai dai ita ce ta toshe mini kunne, don mutum in ya tabbata alheri yake yi, ba ya ƙara sauraron kowa.

Da na je wa Baba Modu da maganar, bai yi murna ba. Ya ce, "Ilu, ni masu sayena sun san ƙofata. Me zan je nema a kasuwa?" Na ce, "Baba, in babu taka a rumfar wa zai leƙo ta? Don 'yan'uwanka za ka yi." Ya ci gaba da murza rama a cinya. Can ya ce, "To, na yarda. Amma igiya za ka sayar musu, Ilu, kada ka sayar musu da makantarmu." Na ce haba, ai ba sai an faɗa ba. Daga ranar duk wanda ya zo zaurensa sai ya tura shi rumfata.

Kuskurena na farko a kan kuɗi ne. Igiyar guga da ake sayarwa taro ko'ina a kasuwa, ni na sa ta sisi. Na ce ai ƙarin ba aljihuna zai shiga ba, sadaka ce. Ina zaune ina kira, "Igiyar makafi, a saya don Allah!" Ranar nan wani manomi daga wajen Jahun ya tsuguna, ya juya igiya, ya tambaya, na faɗa masa. Ya taya, kamar yadda kowane ɗan halak yake yi a kasuwa. Maimakon in ce masa albarka mu ci gaba, sai na ɗaga murya na ce, "Haba bawan Allah! Makaho za ka ƙwara? Ba ka tsoron Allah?" Mutane suka waiwayo. Bawan Allah nan ya sunkuyar da kai, ya kwance lalitarsa ya biya, ya tashi ko gyara bai tambaya ba. Ni kuwa har da jin daɗi, wai na ƙwato wa makafi haƙƙinsu. Da na ga abin ya ci, sai na mayar da shi sana'a, duk wanda ya taya sai in kunyata shi. Bayan 'yan kasuwanni na hangi manomin nan ya zo daidai layinmu, ya tsaya, ya juya ya zaga ta wajen mahauta, ya gwammace ƙudaje da ƙarni da ya wuce ta gabana.

Saboda haka ka ji da kyau. Ka zaga kasuwa ka ji yadda ake sayar da irin kayanku, ka sa naku daidai da haka. In naku ya fi kyau ka ɗora kaɗan, ka iya nuna wa mai saye inda ya fi kyan da yatsa. In an taya maka, ka ce albarka da sakin fuska. Wanda ya tsaya yana ja da kai a kan kuɗi, kayan yake so, kuma zai dawo. Wanda ka sa ya biya don kunya ya biya ke nan sau ɗaya, gobe ko inuwar kantinka ba zai taka ba. Mai son ya yi sadaka ka ajiye masa ƙwarya a gefe ya jefa abin da ya ga dama, amma kada ka cusa masa ita cikin kuɗin tabarma.

Na biyu, karɓar kyauta ba dubawa. Wani attajiri, ba zan kama sunansa ba tunda ya riga mu gidan gaskiya, ya aiko mana da rama jaki guda, wai sadaka ce ga makafi. Ramar ta wuce lokacinta a ruwa wajen jiƙo, ta yi baƙi-baƙi, in ka ja zare ɗaya sai ya rabu ba gardama. Na gani fa, ba wai ban gani ba. Amma yaya zan mayar wa babban mutum kyautarsa, ga yaransa tsaye suna jiran godiya? Na yi godiya har da rakiya. Baba Modu ya shinshina ta kawai ya ture, ya ce a kai wa masu dafa abinci su hura wuta. Ni kuma na ga asara ce, sai na raba wa masu koyo a bayansa, na ce su yi ta yi da ita.

Za ka haɗu da irin wannan, kada ka yi shakka. Mutum zai kwashe abin da ya rasa inda zai zubar, ya kawo maka, ya tafi da lada da suna, ya bar ka da juji. Ka yi masa godiya, ka yi masa addu'a, amma abin da bai yi ba kada ya shiga hannun masu aikinka. In ya ji haushi, haushinsa na kwana biyu ne.

Na uku shi ne tausayin banza. Masu koyon nan hannunsu bai faɗa ba tukuna. Wani zai kawo igiya nan kauri nan siriri, wani tasa sako-sako. Mutum ya taho da sandarsa tun daga unguwa, ya tsuguna, ya miƙo maka aikin kwana da kwanaki yana jiran ya ji me za ka ce. Wa zai iya ce masa ba ta yi ba? Ni dai ban iya ba. Sai in ce, "Madalla, ta yi kyau ƙwarai," in karɓa in jefa cikin tari. Da mai ido ne ya kawo mini irinta, da na watsa masa ita a ƙirji. Ka ga ashe raini ne na yi musu, ina kiransa tausayi. Na yanke a raina cewa iyakar abin da za su iya ke nan, alhali da na mayar musu sau biyu sau uku, Baba Modu yana nan zai gyara musu hannu. Na hana su ƙwarewa da bakina mai daɗi.

Kai in aka kawo maka abin da bai yi ba, ka zaunar da mai shi a gefe inda ba kowa, ka kama hannunsa ka ɗora a wurin da ya ɓaci, ka ce ga inda za a gyara. Zai ji zafi ranar, ba shakka. In kuwa dole sai an sayar da na masu koyo, ka ware shi daban, ka faɗi gaskiya cewa na koyo ne, ka rage kuɗinsa. Mai neman igiyar shanya ko ta ɗaure akuya zai saya yana sane, ba wanda aka cuta.

To ga babban, wanda saboda shi na zauna rubutun nan.

Mutane ba wawaye ba ne. Ba a daɗe ba suka gane tarin nan gauraye yake. Kowa ya zo sai ya tsuguna yana tono, yana neman mai ƙullin Baba Modu, in ya samu ya biya, in bai samu ba ya karkaɗe riga ya tafi. Kafin azahar nasa sun ƙare, na sauran suna nan jibge kasuwa bayan kasuwa. La'asar ta yi, masu su su zo su jeru a bakin rumfa, in ce musu yau ma babu. Abin ya dame ni har na rasa sukuni. Sai Shaiɗan ya kawo mini dabara. Na ɗauki igiyar Baba Modu guda, na kwance ƙullin a hankali, na ga yadda ya bi da shi, na yi ta gwadawa har na iya. Da safe kafin kasuwa ta cika sai in zauna a bayan rumfa in bi igiyoyin nan kaf in yi musu ƙullin, har da na ruɓaɓɓiyar ramar nan. Na ce wa kaina ai duk makafi ne, duk abu ɗaya ne, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Kuma wallahi kaya suka tashi. Ranar da na fara sallamar kowa da kuɗinsa a hannu, har da 'yar ƙwallata don daɗi.

Innarka ce ta fara ba ni alama, ban ɗauka ba. Igiyar rijiyarmu ta tsufa, na ce zan taho da sabuwa daga rumfa. Da na dawo sai na tarar ta riga ta aika an sayo mata a wajen wani mai ido a bakin kasuwa. Na hau faɗa, na ce wannan wane irin cin fuska ne, mijinki na da rumfar igiya guda? Ta ce, "Malam, wadda ka kawo wancan karon gugana biyu ta bari a rijiya. In sadaka kake so in yi, faɗa mini in bayar, amma ruwa dai sai na ja." Na ce mata ba ta da imani. Ka ji fa, matar da ta gaya mini gaskiya ita na ce ba ta da imani.

Akwai wani mai fito a Auyo, Ɗan'azumi, tun yana saurayi igiyar Baba Modu yake ɗaure jirginsa da ita. Ya zo rumfata ya zaɓi doguwa mai kauri, ya duba ƙulli, ya biya abin da na faɗa ko tayawa bai yi ba. Da kaka, ruwa bai gama janyewa ba, ya loda shinkafar da ya yanka a fadama, tasa da ta maƙwabtansa, ya kawo gaɓa ya ɗaure jirgin a turke, ya hau tudu ya yi la'asar. Kafin ya sallame igiya ta rabu. Ruwa ya ja jirgin ya maka shi da kututture, ya kife. Allah Ya kiyaye ba rai a ciki, amma abincin shekara na gidaje ya tafi, jirgin ma sai gyara.

Ni ban ji ba sai bayan watanni, a bakin masu kawo mini kifi. Abin da na gani kawai shi ne masu fito sun ɗauke ƙafa, masunta sun ɗauke, Fulani ma haka. Ba wanda ya zo ya zage ni, ba wanda ya dawo da igiya. Da na ga kasuwa ta mutu sai na rikice na karya kuɗi, abin da nake cewa sisi na koma bayarwa yadda aka taya, ko kuɗin rama ba ya fita. Nan ma na ƙara ɓata lamarin, don wanda ya ga abin sisi ya dawo kwabo biyu ya san akwai dalili. Araha ba ta ado, Hamisu, kuma ba ta wanke sunan da ya ɓaci.

Da na haɗu da Ɗan'azumi a bakin kogi na ce masa, "Ashe abin da ya same ka ke nan? Me ya hana ka zo ka faɗa mini?" Ya ce, "Malam Ilu, da wane bakin? Kai da kanka ka ce sadaka ce. Ana bin sadaka a ce a dawo da ita? Ni dai na ce wa 'yan'uwa tsufa ya kama hannun Baba Modu, kowa ya nemi igiya a wani wuri, amma kada wanda ya gaya masa, kada ransa ya ɓaci." Nan ne ya kamata in buɗe baki in ce ba shi ba ne, ni ne. Na tsaya ina kallon ruwa. Na ce, "Allah Ya mayar da alheri," na wuce.

Wannan ita ce masifar irin kantin da za ka riƙe, ka rubuta ta a zuciyarka. Ɗan kasuwa in ya sayar da ruɓaɓɓen kaya, kafin ya naɗe tabarmarsa an dawo masa da shi ana zage-zage, ya ji kunya ya gyara. Kai ba wanda zai dawo maka da komai. Za su yi maka murmushi, su ce Allah Ya saka, su tafi ke nan. Don haka kai za ka bi su. Ka ce wa kowane mai saye in ta tsinke ko ta warware ya dawo da ita a canja masa, kuma in ya dawo ka yi masa godiya fiye da ranar da ya saya. In ka ga wanda ya saba zuwa ya daina, ka neme shi har gida ka tambaye shi, kada ka yarda da "ba komai" ta farko.

Baba Modu ya ga abin da nake kai masa yana ta raguwa, ina ta ce masa kasuwa ce ba daɗi. Ranar wata kasuwa ya ɗauki sandarsa ya tafi da kansa wajen da mutanen Auyo ke sauke kaya. Ya ji muryar Ɗan'azumi, ya kira shi, ya ce, "Kai Ɗan'azumi, ka daina fito ne, ko jirgin naka da addu'a kake ɗaure shi yanzu?" Ɗan'azumi ya matso kusa. Ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi iyali, sa'an nan ya kama hannunsa ya danƙa masa sisi ya ce, "Baba, ga wannan a sayi goro." Ya yi ne don alheri, Allah Ya sani. Amma mutumin da suka yi shekara da shekaru suna ja-in-ja a kan kuɗin igiya, yau shi ne ya sa masa kuɗi a tafi ba tare da ya karɓi komai ba.

Ina zaune sai ga Baba Modu ya doso rumfa, ba sallamar wasan nan da ya saba. Ya tsuguna ya ce, "Ilu, miƙo mini kayan nan." Na ce wanne? Ya ce duka. Ya jawo ɗaya ya bi ta da hannu tun daga tsakiya har baki, ya tsaya a kan ƙullin. Ya ajiye, ya jawo wata. Ya ajiye, ya jawo wata.

Ya ce, "Ƙullin nawa ne. Tufkar ba tawa ba ce. Wa ya yi?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Yaran nan sun sani?"

"Ba su sani ba."

"Igiyoyin sun tafi Auyo?"

Na ce sun tafi.

"Baturiya fa?"

Na ce har can.

Na soma ba shi hanzari, ina cewa don 'yan'uwansa na yi, ban ci ko anini ba. Ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Na san ba ka ci ba. Da ka ci ma da ya fi mini, in san ɓarawo ne ya yi mini." Ya ajiye sisin nan a kan tabarmata, ya dogara sandarsa ya tashi. Ban taɓa jin na ƙi kaina irin na ranar ba.

Kada ka ce ban yi ƙoƙarin gyarawa ba. Na ƙone sauran kayan. Na hau jirgi na tafi Auyo, na tara masu fito a gindin wata tsamiya, na faɗa musu komai, na rantse musu cewa igiyar da ta tsinke ko taɓa ta Baba Modu bai yi ba. Suka saurara har na gama. Sai wani dattijo a cikinsu ya ce, "Allah Sarki, Malam Ilu mutumin kirki. Dubi yadda ya ɗora wa kansa laifi don ya rufa wa tsohon makaho asiri." Sauran suka ce wallahi kuwa, Allah Ya ba shi lada. Na yi rantsuwa har muryata ta dushe, suna ƙara yaba mini. Na saba musu da cewa duk abin da ya fito daga bakina a kan makafi roƙon tausayi ne, to ranar da na zo da gaskiya ma haka suka karɓe ta. Waɗanda suka ɗan yarda kuwa suka ce ko da hakan ne, yanzu ta yaya mutum zai bambance ƙullin gaske da na ƙarya? Ba mai ɗaure abincin 'ya'yansa da wataƙila.

Rumfa ta mutu. Masu koyo suka koma inda suka fito. Baba Modu ya koma zaurensa ya ci gaba da tufka, ya canja ƙulli, yana jiran masu saye. Igiyoyi suka taru a rataye har suka rufe bango. Na ji an ce ya sayar da awakinsa, daga baya ya sayar da ƙofar ɗakinsa ta katako. Na aika masa da hatsi ya dawo da shi. Na sake aikawa ta hannun sarkin makafi, ya gane, ya sake dawowa da shi.

Da abin ya ishe ni sai na shirya jakina na tafi da kaina. Na yi sallama, ya amsa, ya san muryata. Na ce, "Baba, igiya na zo saye. Manya nake so, duk waɗanda ke rataye a nan ma zan kwashe. Faɗi kuɗinsu."

Ya ce, "To. Me za ka ɗaure da su?"

Ba ni da jirgi, ba ni da shanu, rijiyar gidana ɗaya ce.

Ya ce, "Taya mana, Ilu. Mai saye ai tayawa yake yi."

Na ce, "Ko nawa ka ce, Baba, zan biya."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta da daɗin ji. Ya ajiye ramar da ke cinyarsa, ya kakkaɓe hannu. Ya ce, "Ka ga ba saye ka zo yi ba. Na gaji, Ilu, kuma yara ba su ci ba tun jiya. Bar igiyar nan a inda take, kada ka wahalar da jakinka. In sadaka ka kawo, ba ni sadaka." Sai ya miƙo hannu biyu, ya buɗe su.

Na zuba masa abin da ke aljihuna. Ya karɓa, ya yi mini addu'ar nan da mabarata ke yi wa kowa, tun daga farkonta har ƙarshe, da muryar da ban san shi da ita ba. Juma'ar da ta biyo baya aka gan shi a ƙofar masallaci. Yana nan har yau. Shi ne dogon tsohon nan mai zama daga hagu in za ka shiga, wanda ba ya waƙa kamar sauran. Kai ma ka sha jefa masa kwabo, na gan ka da idona, ban taɓa iya ce maka ga ko wane ne ba.

Mutanen da za su kawo maka kaya a Kano, kowannensu da sunansa zai zo, wani ma shi kaɗai ya mallaka. Ka riƙe musu shi da kyau, Hamisu.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka daga sharrin mutane da sharrin kyakkyawar niyyar da ba ta jin magana. Allah Ya sa ka fi ni, Ya dawo mana da kai lafiya. In ka yi salla ka roƙa wa Baba Modu sauƙi, sa'an nan ka roƙa mini gafara.

Wassalam.

Mahaifinka,
Iliyasu